Buhun Gwamnati Bai Koma Wofi Ba

Shekara uku na yi a lakol, wato makarantar boko. A ta huɗu mushe, malaminmu, da babana suka sasanta a kaina ba tare da an tambaye ni ba: mushe ya samu zakara, babana ya samu mai kiwon awaki. Saboda haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan, ya nemi zakaran ya tambaye shi. Na dai fito da iya karanta lambar mota da sa hannu mai doguwar wutsiya, na kuma fito da suna. Har yau da furfura ta cinye mini kai, ɗan lakol ake ce mini a garinmu, wani ƙauye tsakanin Cadawa da Gazawa da ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen cikinsa suna da rai, kuma jikokinsu sun fi ni karatu.

Karatun da ya zauna mini a kai na innata ne, ba na mushe ba. Ita darasinta ɗaya ne, da muciya kuma take koyar da shi. In maƙwabta suka aiko mana da tuwo ko dambu, kwanon ba ya komawa wofi. Ko ƴan gyaɗa ne, ko guntun kanwa, ko garin kuka a ƙulle cikin tsumma, sai an sa wani abu. Kuma ba a mai da irin abin da aka kawo. Wanda ya aiko maka da tuwo ka mai da masa da tuwo, ka gaya masa ke nan ka biya shi, ya rabu da kai. Wani abu dabam ake sawa, komin ƙanƙantarsa, don kwanon ya ci gaba da yawo tsakanin gidajen biyu. Abin da aka ba ka ka ci ka yi shiru, wannan sunansa sadaka, innata kuma ta ce a gidanmu fitar da ita ake yi, ba a shigo da ita.

Daga babana kuma na gaji tukwane. A wajenmu in an raba gona ana dasa gamba a kan iyaka, amma gamba shanu na ci, wuta na ci, mai son zuciya ma yakan tumɓuke ta ya matsar da ita taku biyu. Don haka dattawa sukan binne fasasshiyar tukunya a kusurwar gona, zurfin kamu guda, a gaban shaidu. Babana yana cikin masu binnewa, ni nake riƙe masa hauya, har ya zama babu tukunyar da ke kwance ƙarƙashin gonakin garinmu da ban san makwancinta ba. In rigimar iyaka ta taso, mai gari ya aiko a kira ni, in je in tsaya in ce nan ne. Ba a tono sai an ƙi maganar shaida, kuma tun da babana ya rasu ba a taɓa tono a kan maganata ba. Ba ni da shanu. Jakina ɗaya ne, shi ma ra'ayinsa dabam. Dukiyata ke nan: in na ce nan ne, nan ne.

Sai ga wata shekara, ba da nisa ba, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai. Abin da ya tsira tsutsa ta bi shi ta yi masa zane. Na ɗaure damman da ba zan faɗi yawansu ba, don jakina ya kwaso su bai ko yi nishi ba. Kafin bazara ta yi tsakiya, in na leƙa rumbu ƙasansa nake gani.

To amma rumbun mutum ba a leƙa shi. Ko matarka ba ta leƙawa, abin da ka fito da shi take karɓa. Sai na tsiro da dabara. Kullum da hantsi in hau rumbu, in ɗaga jinka, in zura rabin jikina ciki, in ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji in ce wa tsohuwata, wato matata, ta kawo babban kwando, ƙaramin nan ba zai ɗauka ba. Ita kuma, Allah Ya saka mata, sai ta kawo babban, in sa mata ƴan zangarniyoyi a gindinsa, ta rufe da faifai ta wuce tana karkata wuya kamar ya yi mata nauyi. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban san ta iya wasan kwaikwayo ba sai a bazarar nan.

Ana haka mutanen gwamnati suka zo da mota da kaye, littafin rubuta sunaye, aka tara gari ƙarƙashin dogon yaron ƙofar mai gari. Suka ce za a raba hatsi ga gidajen da rumbunsu ba zai kai su damina ba, kuma ba su za su zaɓa ba, gari ne zai faɗi nasa. Ni na sa babbar rigata na zauna a gaba, don in taimaka musu in Faransanci ya sarƙe. Aka fara da waɗanda kowa ya sani, makaho da tsofaffin da ba su da kowa. Ina ta gyaɗa kai ina tabbatarwa kamar alƙali. Daga nan kowa ya koma kallon ƙafarsa.

Akwai wata maƙwabciyarmu da darni ɗaya ya raba mu, tsohuwa ce, mijinta ya rasu da daɗewa, ta girme ni, Yaya nake ce mata. An riga an rubuta ta. Daga can cikin mata ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba:

“A rubuta ɗan lakol.”

Na juya na ce mata rumbuna yana nan lafiya, kowa yana jin ana kawo babban kwando.

Ta ce, “Kwando muna ji. Turmi ma muna ji. Da sau biyu yake kuka a gidanka, yanzu sau ɗaya, shi ma kafin in ɗaura ɗankwali ya yi shiru.”

Ashe duk wahalar da nake sha a kan rumbu, matan unguwa turmi suke saurare. Na buɗe baki zan yi musu, sai na hango tsohuwata cikin mata tana kallona. Ba harara ba ce. Na lura dai zanen da ke jikinta ya zagaya ta har ya yi saura, alhali a da da ƙyar yake haɗuwa. Na rufe bakina. Mai kaye ya tambayi sunana, na faɗa, har na gyara masa harafi ɗaya.

Ranar rabo aka jera mu a rana, ana kiran suna da ƙarfi kamar za a ba mu sarauta. Kowa ya zo ya dangwala yatsa. Da aka zo kaina na ce a ba ni bik, wato biro, ni ba na dangwale. Aka ba ni, na zauna, na yi sa hannuna mai wutsiya, na ja wutsiyar har ta shiga layin wanda ke ƙasa da ni. Mai kaye ya yaba ƙwarai, sannan ya ce yanzu kuma in kawo yatsa, don takardar yatsa ta sani. Shekara uku na lakol suka tafi a banza a gaban jama'a. Na ɗora buhu a kan jaki na biyo ta bayan gari, inda na tarar da duk sauran masu buhu su ma ta nan suka biyo.

Hatsin kuwa mai kyau ne, ba tsakuwa, ba wari. Tsohuwata ta yi tuwo da miyar kuka. Na ce ni ba zan ci ba, ɗan innata ba ya cin sadaka. Na riƙe wannan matsayi da ƙarfin zuciya tun daga azahar har la'asar. Bayan la'asar na duba al'amarin da kyau, na ga barin tuwo ya kwana almubazzaranci ne, kuma malamai sun hana.

Da a nan abin ya tsaya da ban ɓata takarda ba. Ruwan shuka ya sauka, rigimar iyaka ta taso kamar yadda take tasowa kowace shekara. Wannan karon tsakanin wani mai shanun noma ne, mutum mai hali, da maƙwabcin gonarsa, wani mai sanyin magana da ya dawo daga cirani ya tarar gambarsa ta yi tafiya. Mai gari ya aiko, na je, jama'a sun taru a bakin gonar. Tukunyar wurin na san ta, ina nan aka binne ta, baƙa ce mai tsage a wuya. Ina shirin takawa in nuna, sai mai shanu ya dubi mai gari.

“Ranka ya daɗe, a nemo wani. Wanda ake ciyarwa bakinsa ba nasa ba ne. Ya karɓi buhu jiya, wa ya san ko an ba shi tiya yau?”

Mai gari ya tsawata masa, dattawa suka ce ya ji kunya. Amma ni, abin da ya faɗa a fili shi nake faɗa wa kaina a ɓoye tun ranar rabo. Na ci, ban mai da komai ba. Na saɓa hauyata na juya gida. Mai gari ya aiko sau biyu, na ce ƙafa ke ciwo. Da aka rasa shaida, aka bar wurin rigimar ba shuka, faɗin kunya uku daga wannan kai zuwa wancan. Hanyar gonata ta nan ta bi. Duk damina ina wucewa safe da yamma, hatsi dama, hatsi hagu, tsakiya ƙarangiya. Mai sanyin magana yakan gaishe ni da ladabi in mun haɗu, bai taɓa ce mini komai ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. A dandali ma na daina sa baki. In ana gardama a kan ko yaushe aka haƙa tsohuwar rijiya, ina da amsa, sai in haɗiye.

Ina da taubashi a Cadakori, ɗan kawuna, Bagobiri mai zane har kunne, wanda Allah Ya halitta musamman don ya hana ni shan iska. Innata gwaggonsa ce, ya sha muciyarta shi ma. Labari ya kai masa, ya hau babur ɗin haya ya zo takanas. Tun daga ƙofar gida ya cire takalmi ya durƙusa, ya ce a yi masa iso wajen angon gwamnati. Ya tambayi ko an sa ranar tarewa. Ya ci tuwon hatsin nan malmala uku yana cewa ɗanɗano yake yi don ya kai rahoto. Duk na jure, aikinsa ne. Sai da zai tafi ya hango buhun, na wanke shi na ninke na sa ƙarƙashin shimfiɗa, gefensa ya leƙo.

Ya ce, “Bawana, mi ka sa ma gwamnati cikin kwanonta? Ko wofi za ya koma? Gwaggo dai ba ta ga wanga ba.”

Da wasa ya faɗa, ya hau babur ya tafi. Ni kuwa ya bar ni tsaye a ƙofa. Watanni ina jin ciwo ban san inda yake ba, sai ga Bagobiri ya ɗora yatsa a kai. Buhu kwano ne. An aiko, na ci. Abin da ya rage a sa wani abu a mai da.

Gaskiya ɗaya zan faɗa ko da ba ta yi mini daɗi ba. Hatsin nan shi ya noma mini gona. Ba don shi ba da na yi daminar ina ƙodago a gonar wani, wataƙila ma ta mai shanu, tawa kuma ciyawa ta cinye. Da shi na yi noman fari, na yi maimai a kan kari. Allah Ya ba da ruwa, hatsi ya yi, wake kuwa ya yi kamar ya ji haushin bara.

Da kaka na fito da buhun na ce wa tsohuwata wake zan cika shi in kai wa gwamnati. Ta dube ni ta ce gwamnati ba ta da tukunya, kuma wake kuɗi ne a kasuwar Cadawa, ita kuma zanenta ya mutu. Na kawo mata maganar innata. Ta ce ta san innata, ta zauna da ita shekara goma sha, kuma innata ƴan gyaɗa take sawa, ba ta taɓa juye rumbu a kwanon kowa ba. Ta ce ƙwarya uku. Na ce cike. Muka tsaya a rabi. Da ta tafi rijiya na ƙara kaɗan, da ta dawo ta ɗaga buhun ta ajiye, ta ce rabin namu ya yi ƙiba.

Sai na ga bai kamata in tafi da wannan daraja ni kaɗai ba. Na leƙa ta darni wajen Yaya, maƙwabciyar da ta tona ni, tana sheƙar hatsi. Na yi mata bayani dalla-dalla, na ce in tana da ko ɗan garin kuka ta kawo in haɗa, ita ma ta fita daga sahun masu cin sadaka. Ta gama zuba abin da ke cikin ƙwaryarta, ta kakkaɓe hannu.

“Ɗan lakol, wa ya fara aikawa?”

Na ce gwamnati mana.

“Kai dai aka aiko wa. Mijina bai taɓa tsallake biyan harajin lanho ba har ya koma ga Allah, shekarar da ba hatsi akuya yake sayarwa ya kai. Hanyar motar nan da hannunsa aka yi ta, ba a ba shi ko hura ba. Ɗana yana can bakin iyaka da kakin soja, damina biyu ban ga fuskarsa ba. Ni na fara aikawa. Buhun nan kwanona ne ya dawo, ya ma daɗe a hanya. Ba na ƙara ko ƙwayar wake.”

Ta ɗauki ƙwaryarta ta ci gaba da sheƙa. Na tsaya riƙe da darni. Na tuna nawa awakin da suka bi hanyar lanho, har da wata ja mai haihuwar tagwaye da har yau ban yafe ba. Maganarta ta shige ni, amma na riga na ɗaure bakin buhu, na riga na aika wa taubashina ya zo ya yi shaida, kuma mutum mai shekaruna ba ya kwance buhu don tsohuwa ta fi shi gaskiya.

Na ari amalanke na ɗaura wa jakina, muka kama hanyar meri, wato gidan magajin garin da ƙauyenmu ke ƙarƙashinsa, don nan ne na san gwamnati tana da ƙofa. Taubashina ya zauna a kan buhun yana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa lefe za mu kai. A ƙofar meri mai gadi ya tare mu. Da ya ga tambarin da ke jikin buhun ya ɗauka ƙara muka kawo, ya ce in hatsin ya ɓaci ne ai mun makara da wata shida. Na ce hatsi ya yi kyau, an cinye, wake ne. Ya ce to ba a sayen wake a nan. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya shiga ciki, ina jin ya je neman wanda ya fi shi albashi.

Aka shigar da mu wani buro, wato ofis. Akwai wata madam a bayan tebur, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ta uku ba, da wani babba mai tabarau da aka ce shi ne sakatare. Na gaishe su da Faransanci, na ƙare abin da nake da shi a gaisuwar, na koma Hausa. Sakatare ya saurare ni da mutunci. Ya ce taimakon nan ba rance ba ne, ba a biya. Na ce na sani, da biya na zo yi da hatsi zan kawo. Ya ce to kyauta ce ga ma'aikata? In haka ne ba za su iya karɓa ba, doka ta hana. Na ce ban san su ba balle in yi musu kyauta, na gwamnati ne. Ya cire tabarau ya ce duk takardun da ke buron nan na fitar da kaya ne zuwa ga talakawa, babu ko ɗaya ta karɓar wake daga hannunsu, kuma abin da ba shi da takarda ba shi da inda zai zauna. Taubashina ya ba da shawara a kira jandarma a rufe ni, shi zai kula da waken.

Madam kuwa tun da muka shigo hankalinta yana bakin ƙofa, inda muka bar amalanke. Tana ta kallon buhun, yadda aka wanke shi har tambarin ya koɗe, da layin ninki a jikinsa. Can ta ce a hankali:

“Baba, mai da kwano ne?”

Na ce, “Ɗiyata, ke ɗiyar wace ce?”

Ta yi dariya ta ce kakarta tana Gidan Sori, kuma ta taɓa korar ta tun daga ƙofar maƙwabta ta dawo gida, don ta kai kwano wofi. Ta juya ga sakatare ta yi masa bayani da Faransanci mai gudu. Na kama kalma uku, biyu daga ciki na tabbata da su. Sakatare ya mai da tabarau, ya ce shi a birni ya tashi amma uwarsa ma haka take. Suka yi shawara. Ashe bayan meri akwai lakol da ake dafa wa ƴan makaranta abincin rana, ita kuma lakol ta gwamnati ce, tukunyarta ma haka. Na ce a rubuta a ajiye, gwamnati tana da tukunya, zan kai wa tsohuwata labari.

Muka zagaya da amalanke. Mai dahuwa, wata mace mai faɗin kafaɗa, ta zura hannu cikin waken ta ce ba ƙwaro ko ɗaya, ta juye shi a babban daro. Na tsaya ina jin ƙararsa yana zuba. Lakol ɗin da zakara ya fitar da ni, ga ni na dawo mata da wake. Mai dahuwa ta kakkaɓe buhun ta miƙo mini. Har na kai hannu, madam ta riga ni karɓa. Ta laluba jakarta, ta ciro bik sabo mai shuɗin murfi, ta jefa a ciki, ta ninke, sannan ta ba ni da hannu biyu.

Taubashina ya ce, “To ka ja ma kanka. Yanzu kuma kwano na hannunka.”

A hanya na tsara jawabi. Na san ruwan shuka na zuwa, rigimar nan za ta tashi, kuma na yi niyyar in tsaya gaban mai shanu in zayyana masa komai: wake, meri, sakatare, daro, bik. Na yi ta bitarsa duk rani. Jakina ya haddace shi.

Ruwa ya sauka, mai gari ya aiko, wannan karon ƙafa ba ta yi ciwo ba. Jama'a sun fi na bara yawa, don an san akwai kallo. Ƙarangiyar bara ta bushe a tsaye a kan kunya ukun nan. Mai shanu ya ce shi maganarsa tana nan inda ya bar ta. Na gyara murya, na sa hannu a aljihu na taɓa bik. Sai na dubi mutanen da ke tsaye. Ga wanda muka yi layi tare, ga wanda wutsiyar sa hannuna ta shiga layinsa, ga makaho an jawo shi ya ji. Can baya ga Yaya da ƙwaryar iri a kai, za ta gonarta ta tsaya. Babu wanda ya kai wake meri a cikinsu. In na ce bakina ya dawo nawa don na mai da kwano, to nasu fa? Nan take na fasa jawabin wata biyar. Na fitar da hannuna daga aljihu wofi.

Na ce, “Na ci hatsin gwamnati. Ya yi daɗi, ba tsakuwa. Awakina sun riga shi tafiya, shi ya biyo sawunsu. Da shi na samu ƙarfin ɗaga hauyar nan, bari ka ga aikinsa.”

Na taka zuwa wurin, taku biyu cikin abin da mai shanu ke cewa nasa ne, na ce nan ne, baƙa ce mai tsage a wuya. Na fara sara. A sara na uku mai shanu ya ce in bari, ya yarda. Na ce a'a, tun da babana ya rasu ba a yi tono ba, shi mai shanu ne ya jawo aka fara, sai an gama. Ƙasar da danshi, ba ta yi gardama ba. Bayana ne ya yi gardama, amma ban ba shi dama a gaban mutane ba. Da rami ya kai kamu guda hauya ta yi ƙwas. Na durƙusa na share da hannu, wuyan tukunya ya fito da tsagensa. Na bar kowa ya leƙa, makaho ya sa hannu ya shafa, sannan na mai da ƙasa na taka.

Mai sanyin magana ya shuka kunyoyinsa uku a ranar. Mai shanu ya zo gidana bayan kwana biyu da goro, ya zauna ya yi ta zancen tsadar taki, ya tashi ya tafi. Na karɓi goron, na sa aka kai masa ƙwai huɗu.

Yaya kuwa da muka haɗu a bakin darni ta ce ta ji na ari maganarta ban ko gaya wa jama'a mai ita ba. Na ce ai gyara ta na yi, na sa mata awaki. Ta ce da na tsaya a lakol shekara ta huɗu da wataƙila na samu tawa.

Har yau ban yanke hukunci tsakaninta da innata ba. Wata rana in ga ita ce da gaskiya, wata rana in tuna ƙarar waken nan a daro in ji ƙirjina ya buɗe. Bik ɗin dai shi ne wannan da nake rubutu da shi, ya kusa ƙarewa. Buhun yana ƙarƙashin shimfiɗa. Bana gyaɗa ta yi kyau, na fara zancen cewa bai kamata a bar kwanon mutane ya daɗe a gida ba. Tsohuwata ta ce in na kuskura na taɓa gyaɗar nan, ni za ta sa a buhun ta kai meri, ta ga ko suna da takardar karɓata.